A-Kori-Kura Amana Ce A Wuyan Mai Ita

  

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne maganar motar nan da mu ke kira a-kori-kura, watau ƙaramar motar kaya mai mazaunin direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya. An ce ta sami sunan nan ne domin ita ta kori kurar turawa daga ɗaukar kayan kasuwa. Yau babu kasuwar da mutum zai shiga, ko Dawanau ce, ko Maigatari, ko Jibiya, ko Illela, ko Potiskum, ko Maraɗi, ya rasa ganinta tsaye ana yi mata lodi. Ita ke ɗauko hatsi daga ƙauye, ita ke kai taki gona, ita ke kai kayan amarya, ita ke kai almajirai wurin Mauludi da musabaƙa, ita kuma ke ɗaukar makara zuwa kushewa. Ra'ayina a kanta shi ne, da yawa daga cikin haɗurran da mu ke kira tsautsayi sakaci ne tsantsa, kuma kaso mafi girma na alhakinsu yana wuyan mai motar tun kafin ya kai ga direba, sa'an nan shirun da malamai su ka yi a kan wannan al'amari ya yi yawa.

Kakanninmu da su ka yi fatauci zuwa Gwanja neman goro ba su san inji ba, amma sun san tsari. Ayari ba ya tashi sai madugu ya yarda. Akwai jagaba a gaba, akwai mai tsaron baya, an san zangon da za a kwana, an san nauyin da jaki zai ɗauka da wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ga akumari ya ji wa jakinsa rauni ba ya jira sai an isa gari, nan take ya ke gyarawa, don ya san in dabba ta kwanta a daji dukiya ta tafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci su ka biyo baya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a-kori-kurar 404 da 504 su ka cika ƙasa, daga baya kuma Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a Japan a 1968, ta zama abar yayi. Abin hawa ya sake, ya ƙara sauri ninki ba ninki, amma kulawar da aka san madugu da ita ba ta biyo mu ba. Mutumin da kakansa ba zai ɗora wa jaki taiki uku ba, yau shi ne ke ɗora wa motar buhu goma buhu ashirin, ya kuma ce mutane su hau bisa.

Malamai sun fi ni sanin cewa shari'a ba ta bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu zauren ilimi a ƙasar nan da ba a karanta ta, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ya ke tafiyar da ita, ko yana bisa, ko yana janta, ko yana kora ta. Haka kuma a fiƙihunmu na Malikiyya, wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, ya yi ta'addi, biya ya hau kansa. To, in dabba mai rai, wadda ta ke iya bauɗewa don kanta, an ɗora ɓarnarta a kan mai riƙe da linzami, ina ga ƙarfe wanda ba ya motsi sai an taka shi? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinayoyi. Hukuncin kisan kuskure kuwa yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Akwai diyya, wadda malamanmu su ka ƙaddara da raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, akwai kuma kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu jere, kuma ga kowane rai da nasa. Mai ɗaukar mutum goma sha biyar a bayan mota da tayar da ya san ta mutu, ya zauna ya yi wannan lissafi.

Na san abin da za a ce. Za a ce komai muƙaddari ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi. Wannan gaskiya ce, babu Musulmin da ke jayayya da ita. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa hisabin aikinsa ba, in da yana ɗaukewa da ba a shar'anta diyya ba. Kowane ɗalibi ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da taguwarsa, aka umurce shi da ya haɗa ɗauri da tawakkali. Taguwar wannan zamani ita ce mota, dabaibayinta kuwa shi ne birki mai ci, da taya mai rai, da lodi daidai ƙima. Abin mamaki, attajirin da ke cewa a bar wa Allah maganar birki, shi ne ba ya barin shagonsa a buɗe da dare, kwaɗo uku ya ke sawa, ya kuma ɗauki maigadi. Ashe ya san riƙon sababi in dukiyarsa ce, sai a kan rayukan 'ya'yan mutane ya ke tuna tawakkali.

Mu fara da lodi, don shi ne uwar ɓarna. Irin waɗannan motoci yawancinsu an ƙera su ne don su ɗauki kamar tan ɗaya, watau kilo 1,000, wasu ma ba su kai haka ba, kuma ainihin ƙimar kowace tana rubuce a littafinta ko a jikin ƙarfen ƙofa. A cikin wannan ƙima har da direba da yaron mota da duk wanda ya shiga. Buhun masara ko na gero mai kilo 100, in aka jera tara, aka ƙara mutum biyu, mota ta cika. Duk abin da aka ƙara bayan haka, sifirin ne ke biyansa, da taya, da birki. Alamar obalodi ba ta ɓuya: bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sifirin ya miƙe sumul. In gaba ya ɗaga, tayoyin da ke juya mota sun rage kama ƙasa, sai direba ya karya sitiyari mota ta ƙi bi. Da dare kuma fitilarta ta koma haska sama da idon mai tahowa, ta bar kwalta cikin duhu.

Yadda ake jera kayan ma ilimi ne. Mai nauyi shi ke zama a ƙasa, can gaba kusa da mazaunin direba, a raba shi daidai tsakanin dama da hagu, marar nauyi ya hau bisa. Kada a tara nauyi a wutsiyar mota bayan tayoyin baya, kada kuma a gina kaya kamar hasumiya. Gwargwadon tsawon lodi, gwargwadon saurin kifewar mota a kwana, kamar yadda mai ɗauke da tulu a ka ba ya iya juyawa da gudu. A ɗaure kaya da igiya mai ƙarfi ta kowane gefe, a sake duba ɗaurin bayan an ɗan yi tafiya, don hanya ta kan sassauta shi. Mai ɗaukar shanu ko raguna ya sani kayansa masu motsi ne, in su ka karkata gefe ɗaya sai su tafi da motar. Mai ɗaukar rodi ko katako da ya zarce bodi ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa. Kuma a sani, motar nan in babu kaya bayanta ba shi da nauyi, tana saurin zamewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da hanyar gargada, saboda haka dawowa fanko ba izinin gudu ba ne.

Sai magana mafi nauyi, ta ɗaukar mutane a bodi. Wurin nan an yi shi don buhu, babu kujera, babu bel, babu rufi. Mota na iya taka birki da ƙarfi kawai, ba tare da ta bugi kome ba, wanda ke zaune a kan kaya ko a bakin bodi ya wuntsila kan kwalta. In kuwa ta kife, na ciki su kan fita da rauni, na baya su ne ta ke dannewa. Mutum goma sha biyar, ko da kowannensu kilo 60 ne, sun kai kilo 900, watau su kaɗai sun cika motar tun ba a sa buhu ko ɗaya ba. Wasu kuma don tausayi su kan lulluɓe mutane da tamfol saboda sanyi ko ruwa, ba su san hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari ba, tana iya taruwa a ƙarƙashin rufi ta sa mutum barcin da ba ya tashi. Ya ku malamai, yaran da ke gabanku iyayensu sun kawo su ne amana daga garuruwa masu nisa. In za a kai su ziyara ko saukar karatu, a nemi motar fasinja ko a yi sawu biyu. Na san akwai ƙauyukan da babu wata mota da ke shiga sai ita. A irin wannan larura, mafi ƙarancin abin da za a yi shi ne kada a haɗa mutane da kaya, kowa ya zauna a ƙasan bodi, a rufe ƙofar baya, a tafi a hankali, kuma da an fito kwalta a sauya mota. Larura ana auna ta da gwargwadonta, ba a mai da ita sana'a.

Taya ita kaɗai ke haɗa mota da ƙasa, kuma inda kowace ta taɓa kwalta bai wuce tafin hannu da yawa ba. A auna iskarta da safe tun tana da sanyi, da ma'auni, a bar bugun ta da ƙafa ko da sifana. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma akwai ƙima dabam ta lokacin da aka yi cikakken lodi. Taya mai ƙarancin iska, in ga nauyi ga zafin kwalta na watannin bazara, gefenta ya kan yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta fashe. A duba zanenta. In zurfinsa ya gaza milimita 1.6, ta zama sanƙo, ba ta iya korar ruwa. A duba gefenta ko akwai ƙari ko tsaga. Sa'an nan kowace taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 cikin 2019. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, don haka tayar gwanjo mai kyawun zane tana iya zama gawa ce aka shafa wa mai. Kada a manta da safaya, da ƙarfin notunan ƙafa. In kuwa Allah ya ƙaddara taya ta fashe ana cikin tafiya, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sassauta totur a hankali, sai mota ta rage gudu sa'an nan ya taka birki sannu ya gangara gefe.

Birki kuwa ya kan yi magana kafin ya mutu, sai dai a ƙi saurarensa. In ka taka ka ji ya yi laushi kamar soso, iska ta shiga ko mai yana yoyo. In ka ji ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, takalminsa ya cinye. In mota tana fizga gefe ɗaya, wata ƙafa ba ta ci. In man birki yana raguwa a kwalbarsa, ƙarawa ba magani ba ne, sai an nemo inda ya ke tafiya, ruwa ba ya tsami banza. Man nan yana shan raɓa daga iska, shi ya sa masu ƙera mota ke umurni a sake shi kamar kowace shekara biyu. Kada a yarda a zuba masa ruwan sabulu ko wani mai dabam don a lallaɓa a kai gida, kada kuma a yarda bakanike ya toshe bututun ƙafa ɗaya ya ce sauran ukun sun isa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, a sa babbar giya tun daga sama, inji ya riƙe mota. Wanda ya dogara ga birki kaɗai, ya yi ta taka shi har ya yi zafi, zai kai inda zai taka ya ji babu kome. Mafi muni shi ne masu sakin mota a firi ko su kashe inji don tsimin mai. In inji ya mutu, abin da ke taimakon birki da sitiyari ya mutu tare da shi, sai a yi garin neman gira a rasa ido.

Duk wannan bincike ba ya cin lokacin da ya kai na shan koko da safe. Kafin a ta da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa, a ga mai yana tsakanin alamu biyu. In ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga inji, kada a tafi. A duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi. In ya yi zafi a hanya kada a kusanci murfinsa, don ruwan yana tafasa a matse, buɗewa ke da wuya zai feso a fuska. A duba fanbel ko ya tsattsage, a duba kan batir ko ya yi farin gari ko ya sassauta. A leƙa ƙasan mota a ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. A kunna fitilun gaba da na baya da na birki da na sigina, yaron mota ya zagaya ya gani. A goge gilashi da madubai, a gwada ham da waifa. In aka ta da inji, fitilun gargaɗi na gaban direba su mutu. Jar fitilar mai in ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take, don tafiyar minti kaɗan a haka tana iya cinye inji gaba ɗaya.

A ƙasarmu mai ƙura da zafi, juyen baƙin mai da matatarsa kamar kowace kilomita 5,000 shi ne abin da ya dace da motar da ke aikin kasuwa, sai in littafinta ya faɗi wani abu dabam. Matatar iska tana toshewa da sauri cikin hunturu, in ta toshe mota ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai, kuma cire ta a yar daidai ya ke da ba inji rairayi ya ci. Mai motar gas ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a matatar mai. Mai mota mai giyar taimako ta ƙafa huɗu, irin wadda ake sawa a cire, ya ajiye ta don yashi da laka, kada ya yi tafiya da ita a busasshiyar kwalta. Ina ba fatake shawara su ajiye ɗan littafi a mota, kamar yadda su ke ajiye na bashi, a rubuta ranar kowane juye da kowane gyara da lambar kilomita, da ajami ko da boko. Bakanike kuma ya ji tsoron Allah. Masu sana'a a mazhabarmu ana ɗora musu lamunin abin da aka danƙa musu su ka keɓanta da shi, kuma wanda ya sa kayan jabu a birki ya karɓi kuɗin na gaske ya haɗa algus da kasada da rayuka.

Game da gudu, ga lissafin da kowane ɗan kasuwa zai gane. Mota mai tafiyar kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga yaro ko saniya, ƙafarsa ta tashi daga totur ta sauka kan birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. Kuma in aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya ninku sau huɗu. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a a cikin gari, amma sau nawa mu ke ganin a-kori-kura ta ratsa tsakiyar ƙauye ranar kasuwa kamar an harba kibiya? Kada a sha gaban mota a kwana, ko a kan tudu, ko a gada. A bar tazara tsakaninka da na gabanka, in da lodi a ƙara ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace in an auna da yawan jama'a. Sauri ya haifi nawa.

Direba shi ma yana bukatar dubawa kamar inji. Wanda ya kwana yana lodi, ya yi asubanci ya kama hanya, ko mai azumin da bai runtsa ba bayan sahur, barci zai sace shi na daƙiƙa uku, kuma a wannan ɗan lokaci mota ta ci fiye da mita 80 babu mai riƙe da ita. Goro da shayi ba su biyan bashin barci, balle ƙwayoyi irin su taramadol da wasu ke haɗiya don wai su ƙara ƙarfi, alhali suna gusar da hankali, shari'a ta hana, doka ta hana. Waya kuma a ajiye ta, in kira ya zama dole a tsaya gefe. Bel ɗin kujera a ɗaura shi tun daga ƙofar gida, kada a jira sai an hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, a yafa shi a kafaɗa kamar rawani. Bincike ya tabbatar yana rage haɗarin mutuwar na gaban mota da kusan rabi. Kada kuma a ba yaron mota tuƙi da kaya da mutane don wai ya koya.

Cikin hazon hunturu a kunna ƙaramar fitila ko da rana ne, a rage gudu. Da damina kada a shiga ruwan da ya haura hanya yana gudu, in ba a san zurfinsa ba, a jira ya janye. In an ratsa ruwa a ɗan taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe. In mota ta lalace, a ture ta daga kwalta, a ja birkin hannu, a sa weji, a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku da nisa a baya, mutane su sauka su yi nesa da hanya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In an gama gyara a kwashe duwatsu da ganyen da aka zuba, domin kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, barinsa kuwa tarko ne ga mai babur da dare. A ajiye abin kashe gobara a mota, a kuma daina ɗaukar jarkokin fetur a tsakanin mutane.

Wani alhaji zai ce, mai rubutu bai san kasuwa ba, tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin tafiya ya ninka, kayan gyara sun yi tsada, in ba a ƙara lodi ba ba za a fita ba. Tsadar gaskiya ce, ba na musunta. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Motar da ake wa lodi biyu tana ƙara shan mai, tana cinye taya da sifirin da kuloci kafin lokacinsu, kuma ranar da ta kife, hatsi ya zube, mota ta tafi, ga kuɗin asibiti, ga shari'a, ga marayu. Ribar buhu goman nan na shekara guda ba ta biyan diyyar rai ɗaya. In kuɗin ɗauko buhu ya tashi, a sa shi a farashi a fili kowa ya gani, ya fi a ɓoye shi a cikin tayar da za ta fashe. Kuma mai motar da ya ɗora wa direba balas ɗin da ba ya samuwa sai da obalodi da sawu uku a yini, ya kuma hana shi kuɗin gyara, shi ne ya taka totur ɗin, ko da yana kwance a gidansa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kasuwa da na tasha su zama madugai na wannan zamani, su hana motar da ta durƙusa fita daga ƙofa, 'yan kamasho su daina ƙirga kawuna su fara duban sifirin. Ina kira ga hukuma ta gyara ramukan hanya, jami'anta kuma su mai da hankali ga taya da birki fiye da abin da ke cikin tafin hannun direba. Ina kira ga limamai su sa wannan magana a huɗubar Juma'a, malaman zaure kuma in an zo babin diyya da lamuni su buga misali da mota, don ɗalibi ya san hukuncin yana raye. Kuma malami in an zo ɗaukarsa wa'azi ya ga an cika bodi da almajiransa, ya ƙi shiga har sai an rage. Ƙin shigarsa sau ɗaya ya fi wa'azin wata guda tasiri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a tafiya da dawowa, ya jiƙan waɗanda su ka riga mu gidan gaskiya a kan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya sa albarka a fataucinmu, ya kuma raba mu da ɗaukar alhakin ran wani. Amin. Wassalamu.